Yadda Ake Sauya Bushin Shakul Na Sifirin Baya A Hilux Da Ire-irenta

Mota irin Hilux, L200 ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya bayanta yana zaune ne a kan sifirin mai falle-falle. Kan sifirin na gaba a ɗaure yake da shasi, ba ya motsi. Na baya kuwa yana rataye da wani ƙarfe mai fil biyu da ake kira shakul, wanda ke lilo gaba da baya, domin idan kaya ya danne sifirin yakan miƙe ya ƙara tsawo. Robar da ke zagaye da waɗannan fil ita ce bushin. A Legas ba ta daɗewa: ga lodin da ake jibgawa daga kasuwar Mile 12, ga ramuka, ga ruwan damina da ke kwanciya a titi yana cusa yashi tsakanin roba da ƙarfe.

Alamar farko ƙara ce, gwaf-gwaf daga baya duk lokacin da aka hau tudun rage gudu. Daga nan bayan motar ya fara lilo a kwana, tayoyin baya su riƙa cinyewa ta gefe guda. Don tabbatarwa, a sa liba tsakanin idon sifirin, wato zoben ƙarshensa da fil ke ratsawa, da shakul a ɗaga. Idan ƙarfe ya motsa a sake, ko aka ga robar ta tsage ta leƙo waje, ta gama aiki.

A yawancin waɗannan motoci kowane fil yana ɗaukar roba biyu, rabi ta kowane ɓangare, wato 4 a gefe ɗaya, 8 ga mota duka. A sauya gefe biyun tare. Wanda zai shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ya tafi da tsohuwar roba ko lambar shasi, domin girman yana bambanta daga shekara zuwa shekara, kuma ido kaɗai yana yaudara. Sauran kayan aiki: jak, ƙafafun tokare mota guda 2, waigi, sifana da soket, guduma, burushin waya, man kwance tsatsa da ruwan sabulu.

Tun daren jajibirin aikin a fesa wa notocin shakul man kwance tsatsa. Motar da ke kwana kusa da teku, kamar Apapa ko Ajah, iskar gishiri na manne fil da farantin shakul.

A tsayar da motar a ƙasa mai tauri, a sa giya, a danna waigi gaba da bayan tayoyin gaba. Birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, kuma su za a ɗaga, saboda haka kada a dogara da shi. A ɗaga baya, a sa ƙafafun tokarewa a ƙarƙashin shasi, ba a ƙarƙashin aksil ba, a cire taya. Bulo ba abin tokare mota ba ne, yana farfashewa ba gargaɗi.

Nan ne aikin yake. A mayar da jak ƙarƙashin aksil, a riƙa ɗagawa ko saukewa kaɗan-kaɗan har a kai inda sifirin bai danne shakul ba, bai kuma janyo shi ƙasa ba. Idan an dace da wurin, fil zai zare da ɗan bugu. Idan ya ƙi, yawanci ba tsatsa ba ce, nauyi ne bai sauka ba, a koma wajen jak maimakon a ƙara ƙarfin guduma. Ana sauke aksil ana duba tiyon birki kada ya miƙe. A kwance notoci biyun, a cire farantin, sannan a mayar da noti ɗaya bakin fil kafin a buga, don kada zaren ya lotse. Kada hannu ya shiga tsakanin sifirin da shasi. Wuta kuma a guje mata, tankin mai na nan kusa.

Bayan an zare tsofaffin robobin, a goge cikin idon sifirin da ramin shasi da burushi. A duba fil da kyau. Wanda ya zaizaye ya yi ƙugu a tsakiya, a sayi sabon shakul kawai, domin zai cinye sabuwar roba cikin ɗan lokaci. Idon sifirin da ya buɗe ya daina zama zagaye, babban fallen ne ke buƙatar canji.

A shafa wa sabuwar robar ruwan sabulu ta shige. Giris na yau da kullum da baƙin mai suna kumbura roba su ruɓar da ita, ko da yake da yawa a gareji sun saba da shafawa. Bushin mai tauri, irin ja ko ruwan ɗorawa, shi ne ke son giris, kuma nasa na musamman da ke zuwa tare da shi. A zura fil ta ɓangaren da ya fito, a sa faranti, a ɗaura notoci da hannu kawai.

Kada a matse su mota na sama. A gama ɗaya gefen, a mayar da tayoyi, a sauke motar ƙasa, a girgiza bayanta sau 3 ko 4 ta zauna daidai, sannan a matse gwargwadon awon da littafin motar ya bayar. Robar da aka matse tana rataye, da an sauke mota sai ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana har ta yage. Wannan ne ya fi kashe sabon bushin, sai a ɗora laifi kan mai kaya a kasuwa. Bayan tafiyar mako guda da lodi, a sake bin notocin da sifana.