Darasi na Bakwai: Yadda Ƙwayar Mura Take Sauya Kama

Akwai mura, akwai kuma babbar mura wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita wannan da zazzaɓi mai zafi take zuwa, ga ciwon jiki, ga tari, har ta kwantar da ƙato. Wanda ya yi ta bara yana iya sake yin ta bana. Me ya sa?

Dalili shi ne ƙwayar cutar ba ta tsayawa a kama ɗaya. Bayanin gadonta, wato umarnin da take bi wajen kwafar kanta, guntu takwas ne, kamar littafin hannu mai warƙa takwas da ba a ɗinke ba. In ta shiga jiki sai ta yi ta kwafar kanta, kuma ba ta iya kwafa ba, kullum sai ta yi kuskure. Kuskuren nan yana taruwa kaɗan-kaɗan har garkuwar jiki ta daina gane ta. Shi ya sa ake sabunta allurar rigakafinta kowace shekara.

Wannan ƙaramin sauyi ke nan. Babban yana faruwa ne idan ƙwayar murar tsuntsu da ta mutum suka haɗu a jiki ɗaya, ko na alade ko na ɗan Adam. Sai warƙoƙin su cakuɗe, a sami sabuwar ƙwaya da jikin kowa bai san ta ba. Haka aka yi a annobar mura ta 1957 da ta 1968. Ta 2009, wadda ta ɓulla a Meziko, daga aladu ta fito. Mafi muni ita ce ta 1918, wadda ta kashe mutane wajen miliyan 50 a duniya, kuma ta iso har ƙasar Hausa.

Asalin gidan waɗannan ƙwayoyi tsuntsayen ruwa ne, musamman agwagin daji. A 2006 murar tsuntsaye ta H5N1 ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna. Don haka mai kiwo ya raba kajinsa da agwagi. In kaji suka fara mutuwa rututu, kada a yi saurin sa musu wuƙa don gudun asara, domin wajen yanka da fiɗa ne cutar ta fi samun hanya. A kira malamin dabbobi, a hana yara taɓa mushen, a wanke hannu da sabulu.

Aikin gida: Guntu nawa ne bayanin gadon ƙwayar mura? Rubuta abin da za ka yi in ka tarar da kajinka uku sun mutu dare ɗaya.