In igiyar ƙasa ta sari mutum: abin da za a yi a gona da abin da za ka tambaya in an kai likita

Kakar bara lokacin cirar gyaɗa ɗan wana ya sa hannu ƙarƙashin tarin harawa a gonarmu ta wajen Madarunfa, abu ya sare shi a yatsa. Da aka kira ni a salula na ce a ba shi mu yi magana, sai ya ce mini "Baba lahiyata lau, ɗan zugi ne kawai, har na ci tuwo." Wallahi wannan maganar ce ta sa hankalin kowa ya kwanta aka bar shi ya kwana gida. Da asuba ya zo alwala ya kurkure baki ya tofar, ruwan ya fito ja. Wurin da wani maƙwabci ya tsattsaga mishi da reza don a fitar da dafi kuwa tun jiya bai daina tsiyaya ba, an ɗaura tsumma ya jiƙe an canja wani ya jiƙe, jinin tsararo kamar ruwan zoɓo babu guda ko ɗaya a ciki.

Kububuwa ce. Ba banza ake mata kirari da gobe da nisa ba, kuma abin da nake so kowa ya riƙe shi ne mutumin da ta sara yana iya tashi ya yi tafiyarsa ya yi hira ya ci abinci alhali jininsa ya riga ya lalace a ciki. Kar ka auna lafiyarsa da ƙarfin da kake gani a jikinsa.

Bari in ɗan tsaya kan abin da dafin nan yake yi, don in ka gane shi ba sai an roƙe ka ka ajiye reza ba. A cikin jininmu akwai wasu sinadarai da hanta take yi, aikinsu in ka yanke su haɗu su yi guda su toshe wurin. Dafin kububuwa yana shiga ya tada aikin nan ko'ina a jiki lokaci guda ba tare da an yanke ba, sinadaran su yi ta ƙonewa a banza har su ƙare, kamar mai gidan da ya buɗe rumbu ya rabar da hatsin shekara a wuni ɗaya, in yunwa ta zo babu ko zangarniya. Sannan kuma a cikin dafin akwai wani ɓangare mai cinye bangon ƙananan jijiyoyin jini yana huda su. To ka ga ga huji ga babu abin toshewa. Shi ya sa jini ke fitowa ta dasashi, ta hanci, cikin fitsari, ta tsohon miki da ya kusa warkewa, mai ciki ta yi ɓari, in abin ya kai cikin kai kuma sai dai a yi haƙuri. Likitocin da suka bi diddigin saranta sun ce in ba a samu magani ba cikin mutum 100 ana rasa 10 zuwa 20.

Kumburin da kake gani ma ba dafin ne kaɗai ke yin sa ba, har da faɗan da jiki ke yi da shi. A 2016 wasu masana a Maisur ta ƙasar Indiya sun gwada dafin 'yar uwar kububuwarmu a jikin ɓeraye, suka ga fararen ƙwayoyin jini suna rugowa wurin su zubar da wani abu mai kama da taru, tarun ya riƙe dafin a wurin amma ya toshe ƙananan jijiyoyi, nama ya rasa jini ya ruɓe. Wato kumburi da daskarewar jini a haɗe suke, ɗaya na ingiza ɗaya.

To yanzu ga mutum an sare shi a gona, me za ka yi? Ka janye shi daga wurin, ka zaunar da shi ka kwantar mishi da hankali, kar ya yi gudu kar ya yi ta yarfa hannun, don motsi ne ke tura dafi cikin jiki. Zobe, agogo, awarwaro, takalmi, guru, duk abin da ya zagaye gaɓar a cire tun kafin ta kumbura. A samo kara ko wata 'yar sanda a jera da hannun ko ƙafar a naɗe da ƙyalle sako-sako kamar yadda maɗori ke sa karan ɗori, don gaɓar ta daina lanƙwasa kawai, yatsanka ya iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. Ka dubi agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru don za a tambaye ka. Sai a nemi abin hawa, amalanke ko kabu-kabu ko mota, in babur ne a sa shi tsakiya wani ya riƙe shi ta baya, kar ya tuƙa da kansa ko ya rantse zai iya. In yana amai a kwantar da shi ta gefe don kar ya shaƙe.

Kar a tsaya farautar macijin. In an riga an kashe shi a ɗauki hotonsa a salula ko a sa shi cikin buhu da sanda, ban da hannu, don kan maciji ko an datse shi yana iya sara.

Abubuwan da muka gada kuma muke ganin taimako ne, nan ne nake jin zafin abin don da idona na gani. Tsaga da reza, ƙaho, tsotsa da baki, duka buɗe ƙofa ne ga jinin da ba zai tsaya ba, ga ƙazanta da ke shiga. Ɗaure gaɓa tamau da robar tayar keke ko igiya ba ya hana dafi aiki, jini yake hana wa gaɓar, mutane da dama ba dafi ne ya ci ƙafarsu ba ɗaurin ne. Amma fa in ka tarar an riga an ɗaure tamau ya daɗe, kar ka kwance da gaggawa a hanya, a yi sauri a kai likita su kwance da kansu suna kallonsa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa a bakin sara, masana sun gwada shi a kan dabbobi ba su ga ya zuƙe dafin da zai ceci rai ba. Kuma don Allah kar a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac ɗin da ake saidawa a tire, waɗannan suna ƙara tsinka jini, in zugi ya dame shi farasitamol kawai.

Na san wani zai ce ai gardin garinmu ya warkar da mutane da yawa. Ban ƙaryata ka ba, amma ga dalili. Ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kullum yake zuba shi ba, wani saran busasshe ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu tsakanin miliyan 1.8 ne zuwa 2.7. Ka ga rabi ko fiye ko ruwan sanyi aka ba su za su tashi. Matsalar ita ce a gona babu mai iya gaya maka a wane kashi naka mutumin yake, cikin waɗanda dafi ya shiga kuma ake rasa rai dubu 81 zuwa dubu 138 duk shekara.

Sauran macizan a taƙaice, ko da yake sunayen kan bambanta daga gari zuwa gari. Kasa mai barcin nan, kumburi take sa wa mai tsanani da ƙuraje masu ruwa, ƙafa ta yi kamar turmi. Kumurci mai tsartuwa in ya tofa a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta kwarara ana buɗe idon, ban da murza, sannan a tafi likita. Gamsheƙa ita jijiyoyi take kamawa, za ka ga fatar ido tana saukowa kamar mai gyangyaɗi, miyau na dalala, magana na sarƙewa, wannan numfashi ne ke shirin tsayawa, minti ɗaya ma kar a ɓata.

In kun isa likita, ga abin da nake so ka sani don ka iya buɗe baki ka tambaya cikin ladabi. Akwai gwajin minti 20. Ba ya son na'ura ba ya son lantarki. Za a ɗebi jini kaɗan daga jijiya, kamar mililita 2, a zuba cikin 'yar kwalbar gilashi sabuwa mai tsabta busasshiya, a ajiye kar kowa ya taɓa kar a girgiza har minti 20, sannan a karkata ta sau ɗaya. Jinin mai lafiya zai tsaya cak ya yi guda. Na yaronmu ina tsaye majo ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro bakinta kamar yanzu aka zuba, ya dube ni ya ce "Alhaji dafi ya shiga, sai serom." Dole gilashi ne fa, don gilashi ke tada daskarewa, a cikin roba ko kwalbar da aka wanke da omo jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa a ruɗe. Kuma abin da ya burge ni, gwajin nan a ƙasar Hausa aka gyara shi, wani likita Bature David Warrell da abokan aikinsa a Zariya cikin shekarun 1970, yau har Asiya da shi ake aiki.

In gwajin farko ya fito lafiya kar ka ce a sallame ku, dafi kan ɗau awoyi kafin ya nuna, a bar shi a gado aƙalla awa 24 ana maimaitawa. In jini ba ya daskarewa a guji allurar tsoka sai ya gyaru, don wurin zai tara jini, ita ma allurar rigakafin sandarewar jiki da ake yi saboda mikin sai a jira lokacin.

Maganin gaskiya ɗaya ne, serom ɗin nan, wato allurar kashe dafi da ake sa wa ta jijiya. Tun wajen 1895 wani Bafaranshe Albert Calmette ya fara yin ta, kuma har yau hanyar ba ta canja sosai ba, ana ba doki ko tunkiya dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya koyi yaƙarsa sannan a tace. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko jikin wani kan ƙi ta, ya yi ƙaiƙayi ko numfashi ya toshe, shi ya sa ba a yin ta a gida ko a shagon magani, sai inda akwai adirenalin, allurar ceto in jiki ya ƙi magani, a kusa da mai sa ido. Na biyu, magani na macizan da aka yi shi dominsu ne. A wani asibitin karkara a Gana da aka canja musu magani aka kawo wanda aka yi da dafin macizan Indiya, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari. Saboda haka in an rubuta maka ka sayo, ka sa a karanta maka takardar cikin kwalin, a ga sunan Echis, wato sunan kububuwa a wurin masana, da macizan Afirka, a duba ranar lalacewa, kar arha ta ja ka. Yaro kuma ba a rage mishi, abin da za a ba babba shi za a ba shi tunda dafin da maciji ya zuba ɗaya ne. Bayan awa 6 a sake gwajin kwalba, don hanta na buƙatar wannan lokacin ta sake cika rumbun, in har yanzu jinin ruwa ne a ƙara wata.

Ba kowace likitar ƙauye ke da maganin a ajiye ba, wannan kowa ya sani. Tun da kamfanin Sanofi ya daina yin serom ɗinsa mai suna Fav-Afrique, na ƙarshensa ya lalace a 2016, ƙarancin ya ƙaru a yankinmu. Don haka tun kafin damana ka je ka tambayi majon garinku ko suna da shi, in babu ina ne mafi kusa, ka ajiye lambarsa da ta mai babur biyu, ku 'yan gandu ku ware 'yan jikkuna a hannun mutum ɗaya. Mu rabin wuni muka ɓata wajen neman kuɗi, dabbar da za ka saida cikin gaggawa kuma rabin kuɗinta za a ba ka.

Masu bincike dai ba su zauna ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 ta ɗau alƙawarin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi ƙoƙari, a Kaltungo ta jihar Gwambe aka gwada serom mai suna EchiTAb iri biyu kan mutum 400 aka fitar da sakamakon a 2010, ɗaya an yi shi a Kosta Rika ɗaya a Birtaniya da dafin macizan Najeriya, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano ya daɗe yana wannan fama. Abin da na fi sa wa rai shi ne ƙwayoyin haɗiya da ake gwadawa, irin su varespladib da unithiol wanda masanan Libaful ta Birtaniya suka gwada lafiyarsa kan mutane a Kenya, don in suka tabbata manomi zai iya haɗiya tun a gona kafin a kai shi likita. Amma har yanzu gwaji ne, duk wanda ya zo kasuwa ya ce yana saida su kar ka saurare shi.

Yaronmu kwana biyar ya yi aka sallame shi, yatsan yana nan sai tabon rezar. An ce mu koma da shi in ya ga jini ko fitsari ya ragu, ko in bayan mako ɗaya zuwa biyu ya fara zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi, wannan jiki ne ke amsa serom ɗin kuma yana da magani. Bana kafin cirar gyaɗa na sayo takalman roba masu tsawo guda huɗu da cocila biyu a babbar kasuwa, na ce duk mai juya harawa ko damin hatsi ya fara da sanda, masu kwana a gona kuma su ɗaura gidan sauro su cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.