Darasi na Tara: Zaman Killace Kai, Kula da Maras Lafiya da Lissafin Aljihu a Lokacin Annoba

A watan Disamba na 2019 aka fara ganin wata baƙuwar cutar numfashi a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar, wadda aka fi sani da korona, ta zama annobar da ta game duniya. Aka rufe makarantu da wuraren aiki, aka ce kowa ya zauna a gida. Tambayoyi uku ne suka fi hana mutane barci a wancan lokaci. Idan na kamu, yaya zan san ta yi tsanani? Ina zan kwanta, alhali ɗakinmu ɗaya ne? Idan ban fita ba, me za mu ci? Kowace annoba da irin waɗannan tambayoyi take zuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tanadi takarda da abin rubutu, domin akwai ƙirga da lissafi a darasin nan.

Ƙirga kwanaki

Ƙwayar cutar bairos ba ta nuna kanta ranar da ta shiga jiki. A farkon annobar, korona takan ɗauki kwana biyar zuwa shida kafin alama ta bayyana, wani lokaci har kwana 14. Wannan ne dalilin da ya sa a 2020 ake ce wa wanda ya yi mu'amala da mai cutar ya killace kansa kwana 14, ko da yana jin garau. Cutar Ebola kuwa kwana 21 ake jira. Kowace cuta da nata wa'adi, don haka ku bi adadin da hukumar lafiya ta ƙasarku ta sanar.

Wanda cutar ta riga ta bayyana a jikinsa, ƙirgarsa daban ce. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ita ce kwana 10 daga ranar da alama ta fara, sannan a ƙara aƙalla kwana uku da mutum zai yi babu zazzaɓi, babu wahalar numfashi. Daga baya an rage kwanakin. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da ƙwaƙwalwa. Mai zazzaɓi kwanaki kan rikice masa. Ku rubuta ranar da tari ko zazzaɓi ya fara, washegari ita ce rana ta ɗaya. Wanda ya fara ranar 3 ga wata, kwanansa goma na cika ranar 13.

Rubuta ranar yana da wani amfani da ya fi wannan. Masu korona da yawa sun ɗan ji sauƙi a ƙarshen makon farko, sai numfashi ya rikice musu a mako na biyu. Iyali sukan saki jiki daidai lokacin da ya kamata su ƙara sa ido.

Ɗakin maras lafiya

Cututtukan numfashi suna bin iskar da mutum ya fitar lokacin tari, atishawa, magana, har ma da numfashi kawai. A ɗakin da yake rufe, ƙwayoyin suna taruwa kamar yadda hayaƙi yake taruwa. Saboda haka taga a buɗe ta fi yawan wanke ƙasan ɗaki amfani. Idan akwai taga biyu masu fuskantar juna, a buɗe su duka iska ta ratsa.

Gidan da ke da ɗaki na musamman, sai a ba maras lafiya shi. Gidajen da ba su da shi sun fi yawa, kuma ba laifinsu ba ne. A nan sai a ware masa gefen da ke kusa da taga, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin shimfiɗarsa da ta sauran mutane, mita biyu idan wuri ya samu. A rataya labule a tsakani. Idan dole a kwana kusa, a juya kai da ƙafa, kada fuska ta kalli fuska. Tsofaffi, mai juna biyu, mai ciwon suga, hawan jini, asma ko ciwon zuciya su ne za a fi nisantarwa, kuma kada ɗayansu ya zama mai jinya.

Mai jinya mutum ɗaya ne, ba a karɓa-karɓa. Ya sa takunkumi mai rufe hanci da baki duk lokacin da zai shiga, maras lafiya ma ya sa idan numfashinsa zai iya ɗauka. Takunkumin da ya jiƙe ya gama aiki, a canza shi. A cire shi ta igiyar kunne, kada a taɓa gabansa. Kofi, cokali, kwano da tawul na maras lafiya nasa ne shi kaɗai. Uwa mai shayarwa da ta kamu da korona ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu ta sa takunkumi.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 ne aƙalla, har da tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Sabulu yana narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar korona, shi ya sa ruwa zalla bai isa ba. Idan babu ruwa, a yi amfani da man tsaftace hannu wanda sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari. Ku duba jikin kwalbar.

Ga goge mariƙin ƙofa, famfo da makewayi, a duba bilic ɗin da ke gida. Idan an rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikinsa, a zuba ƙaramin cokali huɗu a ruwa lita ɗaya. A fara wanke wurin da sabulu, domin datti yana kashe ƙarfin bilic, sannan a shafa a bar shi minti ɗaya aƙalla. Haɗin yau na yau ne, gobe sai a yi sabo. Kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, tururin da zai tashi yana ƙona huhu. Kada a fesa shi a jikin mutum, kada a sha.

Magani a gida, da lokacin barin gida

A lokacin korona, kusan mutum takwas cikin goma da suka kamu sun warke ba tare da an kwantar da su a asibiti ba. Abin da jiki yake so shi ne hutu, ruwa mai yawa da abinci ko da kaɗan-kaɗan ne. Fitsari mai duhu kuma kaɗan alama ce ta ƙarancin ruwa. Idan akwai gudawa ko amai, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin da ya wuce haka yana cutarwa, musamman ga yara.

Zafin jiki da ya kai digiri 38 zazzaɓi ne. Babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya ɗaya ko biyu, ya bar awa huɗu zuwa shida kafin ya sake, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. Inda ake samun matsala shi ne magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki. Mutum ya sha wannan ya sha wancan, adadin ya ninka, hanta ta lalace ba tare da ya ji komai ba a ranar farko. Ku karanta abin da aka rubuta a kwali. Na yara da nauyinsu ake aunawa, a tambayi ma'aikacin lafiya, kuma ba a ba yaro asfirin.

Maganin antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Sayensa don mura ko korona asarar kuɗi ce a lokacin da kuɗi ke wuya. Maganin jita-jita ya fi wannan haɗari: a ƙasar Iran a 2020, ɗaruruwan mutane sun mutu bayan sun sha sinadarin metanol, wani nau'in barasa mai guba, saboda an yaɗa cewa barasa na kashe korona. Kuma ba kowane zazzaɓi ne na annoba ba. A inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro, a yi gwajinsa, domin shi ma yana kisa idan aka yi jinkiri.

Akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai agogo. Maras lafiya yana hutawa, ku ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a minti ɗaya cif. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya kai 30, asibiti za a nufa nan take. Jariri ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ya yi yawa. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ya yi yawa. Wanda ke da na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, 95 zuwa sama daidai ne, 92 zuwa ƙasa kuma na gaggawa ne. Yatsa mai sanyi ko mai jan farce yana ɓata awo, kuma a kan fata mai duhu na'urar kan nuna adadin da ya fi na gaskiya. Idan na'ura ta ce lafiya amma mutum ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ku yarda da idonku.

Ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya, ruɗewa, kasa farkawa, leɓe ko harshe ya yi shuɗi ko toka-toka, yaro ya ƙi nono ko ya yi jijjiga: duk waɗannan ba na jiran wayewar gari ba ne. A kira asibiti a waya kafin a isa idan da hali, a faɗi gaskiyar abin da ake zargi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lissafin aljihu

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan biyu, wato fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, ba su da aikin da doka ta yi wa rajista. Yawancinsu ranar da ba su fita ba, babu shiga. Mai ce wa irin wannan mutum ya zauna a gida kwana 14, ba tare da ya tambaye shi me zai ci ba, bai gama ba shi shawara ba. Rashin kuɗi ne yake fitar da mutane daga killacewa fiye da taurin kai.

Ku fara da lissafi guda. A rubuta duk kuɗin da ke hannu. A rubuta abin da gida ba zai iya kwana babu shi ba a rana ɗaya: abinci, ruwa, makamashin girki, sabulu, magani, da kuɗin waya kaɗan. A raba na farko da na biyu. Misali, ko da wane irin kuɗi ne, idan akwai 280 kuma ana kashe 20 a rana, zai kai kwana 14. Idan aka rage zuwa 16, zai kai kwana 17 har da saura. Adadin da ya fito yana iya ba da tsoro, amma wanda ya san kwana tara ne a hannunsa yana da kwana tara na neman mafita.

Abin da ba a yankewa shi ne maganin da mutum yake sha kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya daina magani don tsimi, shi ne wanda annoba ta fi yi wa illa. A nemi na wata ɗaya tun kafin a rufe hanyoyi. Wajen abinci, a sayi na mako biyu daga abin da ba ya saurin lalacewa. Sayen na wata shida don firgici yana cinye jari, kayan su lalace, kuma yana tsauwala farashi ga kowa.

Mai gidan haya, mai bin bashi da wanda ake yi wa aiki, a yi musu magana tun kafin ranar biya ta zo. A faɗi adadin da za a iya bayarwa da ranar da za a cike, a rubuta a takarda ko a saƙon waya, kowa ya riƙe nasa. Ɗan kasuwa ya fara fitar da kayan da ke lalacewa ko da riba kaɗan ce, kuma ya raba kuɗin jari da na cefane. Idan sayar da kadara ya zama dole, kayan sana'a su zo a ƙarshe. Wanda ya sayar da keken ɗinkinsa ya ci mako uku, ranar da aka buɗe gari ba shi da abin komawa.

Bashi mai ruwa a ƙirga shi kafin a karɓa. Rancen 100 da ake ɗora wa kashi 10 kowane mako, ruwa kan ruwa, zai zama 110, sannan 121, sannan 133, ya kai 146 a mako na huɗu. 'Yan damfara ma lokacin annoba suke cin kasuwa. Saƙon da ya ce an ba ku tallafi amma sai kun biya kuɗin rajista, ko kun turo lambar sirri ta katinku, ko lambar da banki ya aiko muku a waya, na ɓarawo ne. Banki ba ya tambayar lambar sirri.

Zuciya

Faɗuwar gaba, rashin barci da saurin fushi abubuwa ne da ke samun mai zaman killacewa. A taƙaita sauraron labarai zuwa sau biyu a rana daga kafa amintacciya, a riƙe lokacin tashi da na kwanciya, a motsa jiki ko da a tsakar ɗaki ne, a kira wani a waya kullum. Yara a gaya musu gaskiya daidai da shekarunsu. Gidan da aka killace kuma kada a tsangwame shi. Duk inda ake nuna masu cuta da yatsa, mutane ɓoye tarinsu suke yi, cutar ta ci gaba da yawo. A ajiye musu saƙo a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja da baya. Wanda damuwa ta kai shi ga tunanin cutar da kansa, ko wadda ake duka a gida, wannan ma gaggawa ce kamar ta numfashi, a nemi ma'aikacin lafiya ko hukuma.

Aikin aji

Kowa ya raba takardarsa gida uku. A na farko ya rubuta lambar wayar asibiti mafi kusa, ta mai abin hawan da zai amsa kira da dare, da ta mutum biyu da za su iya kawo saƙo bakin ƙofa. A na biyu ya rubuta sunan duk mai shan magani kullum a gidansu, sunan maganin, da ƙwaya nawa ta rage. A na uku ya yi lissafin kwanakin da kuɗinsa zai kai. Bayan haka ku zauna bibbiyu, kowa ya ƙirga numfashin abokin zamansa na minti ɗaya da agogo, ya rubuta adadin a ƙasan takarda.