Yadda za ka kare wurin aikinka daga gobara, da yadda ake amfani da tukunyar kashe wuta

Jar tukunyar nan da ke rataye a bangon ofis ko masana'anta ba ta da ƙarfin da mutane ke zato. Matsakaiciya daga cikinsu, idan ka matse hannunta ba sassautawa, daƙiƙa 10 zuwa 20 ta ƙare. An yi ta ne domin wutar da ba ta wuce girman kwandon shara ba, wadda aka gani tun tana tasowa. Don haka mafi yawan aikin ana yin sa ne tun babu ko ƙanshin hayaƙi, tukunyar kuwa ita ce ta ƙarshe a layi.

Mataki na 1: Zagaya wurin, ka raba zafi da abin da wuta ke ci

Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: abin da za ta ci, zafi, da iskar oksijin. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ba yadda za ka yi da shi. Sauran biyun ne a hannunka.

Fara da lantarki, domin shi ne ya fi yaudarar mutane. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin tebura. Idan ka ga soket mai baki da yawa an jona masa wani soket ɗin, an cusa masa kwamfuta da firinta da butar dafa ruwa, to ga matsala nan. Inda ake amfani da filogi mai amfiya 13, duk abin da aka jona bai kamata ya wuce kusan wat 3,000 ba, alhali butar lantarki ita kaɗai tana iya cinye fiye da rabin wannan. Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, kamar hita ko dutsen guga ko buta, a ba shi soket ɗinsa na bango. Taɓa filogi da bayan hannu. Idan ya yi ɗumi sosai, ko bakin soket ya yi baƙi, ko kana jin warin roba, a kashe a kira mai gyara a ranar, ba ran Litinin ba. Fiyus da ke yawan yankewa kuma gargaɗi yake yi maka. Wanda ya cire shi ya naɗa guntun waya a madadinsa ya toshe bakin mai gargaɗin ne kawai. Doguwar wayar da ake naɗewa a kan gare-gare, a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya mai nauyi, don a naɗe takan tara zafi har robarta ta narke.

Fetur da sinadaran fenti ba ruwan ne ke kamawa ba, tururinsu ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya yi nisa har ya iske tartsatsi a wani lungu. Shi ya sa ba a zuba wa janareto mai yana aiki, ko yana da zafi. Idan an ji warin gas, kada kowa ya taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa. A rufe kan silindar, a buɗe tagogi, a fita. Yoyon gas da ruwan sabulu ake nemansa, inda ya yi kumfa nan ne, ba da ashana ba.

Masu walda da yankan ƙarfe su sani tartsatsi na iya tafiyar mita 10 ko fiye, ya faɗa cikin kwali ya yi ta ci a ɓoye. A kwashe abin da zai kama kafin a fara, a kuma bar mutum yana lura da wurin aƙalla rabin awa bayan an gama. Tsummokaran da suka sha man fenti a zuba su a garwar ƙarfe mai murfi, domin wasu irin mai sukan ɗau zafi da kansu idan aka tara su. Batirin waya ko na kwamfutar tafi-da-gidanka da ya kumbura, a daina cajinsa nan take.

Mataki na 2: Hanyar fita

A ganina wannan ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci. A ranar 25 ga Maris 1911, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle da ke birnin New York a Amurka. Ma'aikata 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙofar fita a kulle take. Bayan shekara ɗari da ɗaya, a Nuwamban 2012, aka sake ganin irin haka a masana'antar tufafi ta Tazreen kusa da Dhaka a Bangaladesh, inda sama da mutum 110 suka rasu saboda babu hanyar kuɓuta ta kirki.

Hujjar masu kulle ƙofa kullum ɗaya ce, tsoron sata. Hujja ce mai kama hankali, amma maganinta ba kwaɗo da sarƙa ba ne. Akwai ƙofofin da ake turawa daga ciki su buɗe, daga waje kuma ba sa buɗuwa, wasu har da ƙararrawa. Ƙofar gaggawa ta riƙa buɗewa ta waje, domin taron da ya firgita idan ya danno, ƙofar da ake jawowa ciki ba za ta buɗu ba. Kada a mai da matakala sito. Kowane ma'aikaci ya san hanya biyu, a kuma tsai da wuri guda a waje inda za a taru a ƙirga mutane. A riƙa yin atisaye aƙalla sau ɗaya a shekara, har da maigadi da masu shara da masu aikin dare, waɗanda galibi ake mantawa da su alhali su ne ke nan lokacin da kowa ya tafi gida.

Mataki na 3: San tukunyarka tun kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka tsaya gaban tukunyar yau, ka karanta jikinta. Za ka ga haruffa da hotuna. Harafin A na nufin wutar katako, takarda da yadi. B na nufin fetur da dangoginsa. Daga nan tsarin ƙasashe ya bambanta: a Turai C gas ne, a Amurka kuma C kayan lantarki ne. Man girki F ne a Turai, K a Amurka. Saboda wannan ruɗani, hoton ya fi harafin amfani.

Tukunya mai ruwa ta katako da takarda da yadi ce kawai. Kada ta kusanci lantarki, kada kuma ta kusanci mai. Ruwa idan ya faɗa cikin tafasasshen mai yakan koma tururi nan take, girmansa ya ninku kusan sau 1,700, ya watso man mai ci har rufi. Mai kumfa tana kashe wutar fetur ta hanyar rufe samansa. Mai hoda, wadda ake rubuta wa ABC, ita ce aka fi samu don tana aiki a kan wuta iri-iri, sai dai a ƙaramin ɗaki takan turnuƙe wuri har mutum ya kasa gani, ga ɓata na'urori. Mai iskar CO2 (kabon dayoksaid), wadda bakinta ke da faɗi kamar ƙaho, ita ta dace da kwamfutoci da akwatin lantarki. Kada ka riƙe ƙahon da hannu, sanyinsa na ƙona fata. Kicin kuma yana buƙatar tasa ta man girki, da bargon kashe wuta.

Kowane wata wani ya duba: allurar ma'auni tana kan kore? Fil ɗin da ke tokare hannunta yana nan da hatiminsa? Tiyo bai tsage ba? Ba a jibga kaya a gabanta ba? Mai CO2 ba ta da ma'auni, auna nauyinta ake yi. Sau ɗaya a shekara ƙwararre ya zo ya duba su duka.

Mataki na 4: Idan wuta ta tashi

Ihu ne farko. Ka ɗaga murya, ka danna ƙararrawa, ka nuna mutum ɗaya da sunansa ka ce ya kira 'yan kwana-kwana. Idan ka ce "wani ya kira", kowa zai ɗauka wani ya kira. Mutane da dama sukan yi shiru suna fama da wuta su kaɗai don kada a ce sun yi sakaci, kuma mintunan nan ne ake asara.

Sannan ka tambayi kanka da sauri: wutar ƙarama ce? Tukunyar ta dace da ita? Ƙofa tana bayana? Idan ɗaya daga ciki a'a ce, ko hayaƙi ya fara cika ɗakin, fita ka jawo ƙofa. Rufe ƙofa kaɗai na rage wa wuta iska ya kuma tsare hayaƙi. Idan ta lantarki ce kuma makashin yana kusa, a yanke wutar lantarkin tukuna.

Idan duk amsoshin e ne, tsaya kamar taku uku daga wutar, bayanka na kallon ƙofa. Zare fil ɗin, ka ɗan murɗa shi don hatimin ya tsinke, kuma kada ka matse hannun tukunyar kana zarewa, don zai maƙale. Saita bakin tiyo a gindin wutar, wato kan abin da ke ci. Nan ne kusan kowa ke kuskure, domin ido harshen wuta yake bi, sai mutum ya yi ta fesa sama hodar na wucewa a banza. Matse hannun, ka riƙa kaɗa tiyon dama da hagu a hankali kana share gindin, kana matsowa yayin da wutar ke ja da baya. Idan fetur ne a ƙasa, kada ka matsa kusa sosai, ƙarfin feshin zai watsa shi. Idan wutar ta mutu, ja da baya kana kallonta, don takan sake tashi, musamman bayan CO2 wadda iska ke kwashewa. Tukunya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, aikinka ya ƙare, fita.

Wajen fita, hayaƙi ne abin tsoro, shi ya fi harshen wuta kisa. Sunkuya ko ka yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. Taɓa ƙofa da bayan hannu kafin ka buɗe, idan da zafi nemi wata. Bi matakala, ban da lifta. Kada ka koma ɗauko waya ko jaka. Wanda tufafinsa suka kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba a shafa mata mai ko man goge baki ba, sannan a tafi asibiti.

Tukunyar da aka matsa ko da sau ɗaya ne kada a mayar da ita bango. Ko allurar ta nuna da saura, iskar da ke tura hodar za ta zurare a hankali. A ajiye ta gefe, a kai ta a sake cikawa, a rataya wata a gurbinta kafin ta dawo.