Yadda za ki kula da gashinki a hunturun Katsina, daga tsifa zuwa kitso

Da yawa daga cikin matan da ke kukan gashinsu ba ya fita, fita yake yi. Gashin mutum yana ƙaruwa da kusan santimita 1 duk wata, daga saiwa yake tofowa. Matsalar ita ce abin da ya fito daga ƙasa yana kakkaryewa ta sama. To a Katsina da Daura, daga Nuwamba zuwa Fabrairu da iskar hunturu ke busar da komai, karyewar nan ta fi tsanani. Ga yadda za ki riƙe abin da Allah ya ba ki.

Ki fara da tsifa, kuma kada ki tsefe kai a bushe. Ki ɗan fesa ruwa, ki shafa man kaɗanya a tafin hannu, ki bi kitson daga jela zuwa tushe da kibiya, a hankali. Ki warware da yatsu kafin mataji ya taɓa shi, matajin ma mai manyan haƙora. In kin ga dunƙulen gashi a hannunki, kada hankalinki ya tashi. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitso ne ya riƙe su makonni suka taru. Mai jego ma takan ga zuba sosai wajen wata 3 da haihuwa, kuma gashin yakan dawo da kansa.

Sai wanki. Akwai masu cewa datti ne ke sa gashi tsawo, har a yi wata biyu ruwa bai ga fatar kai ba. Ba gaskiya ba ne. Barin taje-taje ne ya rage karyewa, ba dauɗar ba. Ki wanke duk mako ɗaya ko biyu da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, ki cuɗa fatar kan da tsokar yatsu, ban da farce. Sabulun wankin kaya da omo ba na kai ba ne. Bayan kin ɗauraye, ki jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, ki tace, ki zuba, ki taje yana ciki. Iyayenmu sun san abin da suke yi: santsin nan ne ke sa mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba.

A wajen mai aka fi yin kuskure. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi, mai kuwa rufewa yake yi kada danshin ya gudu, kamar murfi a bakin tulu. Don haka ki shafa man kaɗanya ko na kwakwa tun gashin yana da sauran laima, ki fi ba jelar ƙarfi, don ita ce ta fi tsufa. Amma in amosani ne ke damunki, ki daina lafta mai a fatar kai. Ƙwayar da ke haddasa shi da maiƙo take rayuwa, kina shafawa kina ciyar da ita. Ki nemi shamfu mai ketoconazole a kemis, ki bar kumfarsa minti 5 kafin ki ɗauraye. Sannan ki bari kan ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi.

Yanzu ga makitsiya. Wannan maganar tana ci mini rai, don ina ganin 'yan mata ƙanana da goshi ya riga ya koma baya. An ce kitso in bai yi zafi ba bai yi ba. Ki duba yarinyar da aka yi wa shuku ranar jajiberin Sallah: girarta ta ɗage, ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin goshi, da dare ta kasa kwantar da kai a matashi. Wannan jan yana kashe saiwa, kuma in aka daɗe ana yi, gashin wurin ba ya sake fitowa ko da wane mai aka shafa. Ki buɗe baki ki ce, "Yaya, don Allah a sassauta hannu, a bar mini gashin goshin nan." Ki riƙa sauya salo, yau zane gobe kalaba, kada kullum ja ya faɗa wuri ɗaya. Haka man rilaksa: raɗaɗin da kike ji ƙuna ce, ba alamar yana aiki ba.

Aski kuma ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa, reza ba ta kai wa saiwa. Cire furfura ɗaya ba ya haifar da goma.

In kuwa kin ga kan yaro da tabo zagayayye, fari-fari, gashin wurin ya guntule, makero ne, kuma yana yaɗuwa ta mataji, hula da askar wanzami. Toka, kanwa ko baƙin man inji ba za su kashe shi ba, man shafawa kaɗai ma ba ya isa, domin ƙwayar tana cikin saiwa. Maganin sha ake bayarwa, irin su griseofulvin, na makonni 6 zuwa 8. Ki kai yaron asibiti likita ya auna masa daidai nauyinsa, ki ware masa matajinsa da tawul, ki kuma duba kawunan sauran yaran gidan.