Yadda Ake Tsayar da Ƙungiyar Zumunta ta Maza a Unguwa

Majalisa daban, ƙungiya daban. A majalisa ana shimfiɗa tabarma bayan Isha'i, a sha shayi, a watse. Ƙungiya kuwa ranar da aka yi rasuwa da asuba ake gane ta: wa zai sayo likkafani, su wa za su tafi haƙa kabari, wa zai ɗauko makara daga masallaci.

A fara da mutum 15 zuwa 25 waɗanda suka san gidajen juna. Kafin a karɓi ko sisin kwabo, a zauna a rubuta abin da asusu zai yi da wanda ba zai yi ba, kowa ya sa hannu. A zaɓi shugaba, sakatare, ma'aji da mai binciken kuɗi, wa'adinsu shekara 2. Mai bincike kada ya zama ɗan'uwan ma'aji ko surukinsa. A nemi dattijo guda, liman ko mai unguwa, ya zama uban ƙungiya don sasanci.

Kuɗin wata a yanke shi daidai ƙarfin mai tura baro, ba na alhaji ba. Mai hali ya ƙara abin da Allah ya hore masa, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa. Kashi biyu cikin uku a ware wa gaggawa, wato jinya, rasuwa da gobara. Ragowar ta tafi aikin gayya: yashe kwatoci kafin damina ta sauka, gyaran katangar maƙabarta, kuɗin makarantar marayun da mamba ya bari. Gudummawar biki da suna a yi mata adadi guda, domin ranar da aka ba wane fiye da wane, ranar gunaguni ke farawa.

Kuɗi kada su kwana a aljihun ma'aji, komai gaskiyarsa. A buɗe asusun banki da masu sa hannu 3, sai 2 sun amince a cire. A Najeriya banki kan nemi takardar rajista. Hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ke yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, bayan an buga sanarwa a jaridu biyu an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi.

Rance shi ne babban abin da ke kashe ƙungiya. Mamba ya zo da larurar jari, a ji nauyinsa a ba shi, sannan kunya ta hana a tambaya, sai ga mara lafiya a gadon asibiti asusu babu komai. A haramta rance tun a rubuce. Siyasa ma haka: kowa da jam'iyyarsa a waje, amma kada a karɓi kuɗin ɗan takara da sunan ƙungiya.

A kowane zama ma'aji ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit a hannu. Wanda ya yi wata 3 bai biya ba, kada a kira sunansa a bainar jama'a. A tura mutum biyu su same shi a gida, su fara tambayar lafiyar iyali, don sau da yawa shi ne ke buƙatar a taimaka masa.