Yadda za ka rabu da tumbak

Tumbak garin taba ne da ake kwaɓawa da kanwa, wadda a nan Sudan ake ce wa atrun. Kanwar ce ke sa sinadarin nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa mai saffa, wato mai cusa tumbak tsakanin leɓe da dasashi, ke shan wuya idan ya zo dainawa. Likitoci sun daɗe suna danganta shi da sankarar baki. Daga Maiurno har Gadarif da Kasala, mutanenmu da yawa sun san wannan. Abin da ke gagara shi ne a sa rana.

To ɗan'uwa, sa ranar, kuma kada ta wuce mako biyu daga yau, don rana mai nisa wasa take zama. Kafin ta zo, ɗauki kwana uku kana ƙirga saffar da kake yi da lokutanta. Za ka ga yawancinsu suna manne da wani abu: bayan cin abinci, wajen mai shayi, kan jabana (gahawa), ko hutun gona. Kowane lokaci ka tanadar masa abin da zai maye gurbin: asuwaki, gyaɗa, tasali (soyayyun 'ya'yan kankana), ruwan sanyi.

Daren jajibiri ka zubar da abin da ya rage, har wanda ke aljihun jallabiyar da ka rataye. Ka yi alwala, ka yi nafila raka'a biyu, ka faɗa wa Ubangijinka abin da ka ƙudura. Aya ta 11 a Suratur Ra'adi ta nuna cewa Allah ba ya canja halin mutane sai sun canja abin da ke zukatansu. Ba sai tsoro ya gushe ake farawa ba. Sannan ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, maiɗakinka ko limamin unguwa, domin alkawarin da ba wanda ya ji saurin warwarewa yake yi.

Kwana na biyu da na uku su ne mafi tsanani: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, yawan jin yunwa. Jiki ne ke neman abin da ya saba, kuma yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Kwaɗayin kansa mintuna kaɗan yake yi ya sauka. Idan ya taso, tashi daga inda kake, kurkure baki, kama asuwaki, yi ta istigfari har ya wuce. Wanda ya taɓa azumi ya riga ya yi sa'o'i goma sha uku ba saffa, ya san zai iya.

Idan abin ya fi ƙarfinka, tambayi mai kantin magani cingam ɗin nikotin, akwai na miligiram 2 da na 4. Ana tauna shi kaɗan sai a ajiye a gefen kunci. Masu tauna shi da sauri ne ke samun shaƙuwa da tashin zuciya. Kada ka koma sigari ko shisha da sunan sauƙi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne majalisa, lokacin da aboki ya miƙo leda. Shirya amsarka tun daga gida: "Na gode, na bari." Idan ka zame sau ɗaya, tofar, duba abin da ya ja ka, ka ci gaba a ranar. Kuma ka riƙa ɗaga leɓe gaban madubi: farin tabo, kumburi ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai wa likitan haƙori.